ALKINDI: MAI LITTAFIN TURARE DA AKA ƘWACE WA LITTATTAFAI

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Yau tarihin wani mutum zan kawo muku wanda ba malamin hadisi ba ne, ba kuma na fiƙihu ba. Hasali ma wasu daga cikin manyan malamanmu sun yi maganganu masu zafi a kansa, kuma zan faɗa muku su. Na zaɓo shi ne saboda turare. Mu al'umma ce mai son ƙamshi, Annabinmu (SAW) yana son turare, ya kwaɗaitar da mu shafa shi ranar Juma'a, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambayar yadda ake yi ƙamshi ya bar jikin fure ya shiga kwalba. Ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan Larabci da suka iso mana a kan wannan sana'a, sunan wannan mutumin ne a jikinsa: Abu Yusuf Ya'aƙub bin Ishaƙ Alkindi.

An haife shi a Kufa wajen shekara ta 185 bayan Hijira, wato 801 Miladiyya. Ɗan babban gida ne. Mahaifinsa Ishaƙ bin Sabbah ya yi gwamnan Kufa a zamanin Halifa Mahdi da Haruna Rashid, nasabarsu kuma tana tuƙewa ga Ash'as bin Ƙais, shugaban ƙabilar Kinda wanda ya jagoranci tawagar mutanensa zuwa Madina a shekara ta 10. Masu karatun tarihi sun san Ash'as: ya juya baya a lokacin ridda, aka kamo shi, ya tuba, Sayyidina Abubakar (RA) ya yafe masa har ya aurar masa da 'yar uwarsa Ummu Farwa, daga baya ya halarci Yarmuk da Ƙadisiyya ya zauna a Kufa. To daga wannan tsatson Alkindi ya fito. Shi ya sa ake masa laƙabi da Failasufin Larabawa, domin mafi yawan waɗanda suka yi fice a wannan fannin ba Larabawan asali ba ne, shi ko Balarabe ne gaba da baya.

Mahaifinsa ya rasu yana yaro. Ya yi karatu, ya koma Bagadaza daidai lokacin da Halifa Ma'amun yake zuba dukiya a kan fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci. Alkindi ya tara masu fassara a kusa da shi, yawancinsu Kiristoci da suka iya Girkanci da Suryananci, su su fassara, shi kuma ya gyara Larabcin ya daidaita ma'anar. Da Mu'utasim ya hau, sai tauraronsa ya ƙara haske, har aka ba shi ɗan halifa, Ahmad, ya karantar da shi.

A nan dole in tsaya, don kada wani ya ce na ɓoye. Wannan fadar da Alkindi yake cin abinci a cikinta ita ce fadar da aka yi wa Imam Ahmad bin Hambal bulala saboda ya ƙi cewa Alƙur'ani halitta ne. Mutumin fada ne a lokacin da malaman sunna suke kurkuku. Ya kuma yi rubutu da yawa a kan duban taurari, abin da ba mu yarda da shi ba. Imam Zahabi da ya zo kansa ya yaba masa ƙwarewa a lissafi da likitanci, sannan ya ambaci cewa ana tuhumarsa a addininsa, kuma marowaci ne. Zancen rowar nan Ibn Nadim ma ya faɗe shi. Amma adalci ya sa in ƙara da cewa ya saɓa wa Aristo a babbar mas'ala: Girkawan sun ce duniya ba ta da farko, shi ko ya tsaya kai da fata cewa duniya fararriya ce, Allah ne Ya samar da ita daga babu, kuma ya yarda da annabci. Ni dai abin da nake ɗauka a wurinsa shi ne abin da ya gwada da hannunsa. Aƙida muna da inda muke ɗaukarta.

Kuma hannun nasa ya taɓa abubuwa da yawa, kai ka ce ba mutum ɗaya ba ne. Ibn Nadim a cikin Fihrist ya jero masa littattafai da risaloli wajen 240. Akwai na lissafi, akwai na yadda ido yake gani, akwai na auna ƙarfin haɗin magani, akwai wadda ya rubuta wa Mu'utasim a kan ire-iren takubba da ƙarfensu. Akwai wata a kan warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan maimaituwa, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru a kwance a Istanbul sai a 1987 aka buga ta. Mafi yawansu sun ɓace. Cikin waɗanda suka tsira akwai wanda ya kawo mu yau, Kimiya'ul Iɗri wat Tas'idat, wato ilimin haɗa turare da tatso shi ta hanyar tururi. Haɗe-haɗe 107 ne a cikinsa. Rubutun hannun yana Istanbul, wani Bajamushe mai suna Karl Garbers ya buga shi tare da fassarar Jamusanci a 1948.

Sai kun san matsayin turare a Bagadazan wancan lokacin kafin ku gane nauyin littafin. Miski daga jikin wata barewa ake samunsa a tsaunukan Tibet da Sin. Ambar daga cikin wani ƙaton kifin teku yake fitowa, igiyar ruwa ta jefo shi gaɓa. Icen udu daga Indiya da ƙasashen da ke bayanta, kafur daga tsibirin Sumatra. Kowanne sai ya yi watanni a jirgin ruwa ko a bayan raƙumi. Ruwan wardi kuwa daga Farisa yake zuwa, musamman garin Jur, kuma Ibn Khaldun ya kawo lissafin harajin zamanin Ma'amun inda lardin Farisa yake aika kwalabe 30,000 na ruwan wardi duk shekara tare da kuɗin haraji. Ka ji fa, turare a cikin haraji. Abin da gwamnati take karɓa a matsayin kuɗi ai ba abin wasa ba ne.

To yaya ake fitar da shi?

Ƙamshin fure wani mai ne ɗan mitsitsi da yake ɓoye a jikin furen. In ka ɗora furen a wuta kai tsaye, kafin man ya tashi ya ƙone, sai ƙauri, domin yawancin waɗannan mayukan ba sa tafasa sai zafi ya haura digiri 150, wasu ma 200. Amma in tururin ruwa ya ratsa furen, sai ya ɗauko man ya tashi da shi alhali zafin bai wuce digiri 100 ba. Mata za su fi saurin gane wannan, don duk wadda ta taɓa ɗora madambaci ta san tururi yana dafa abu ba tare da ya babbaka shi ba, ta kuma san zufar nan da take taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya. Wannan zufar ita ce dukiyar mai turare. Aikinsa kawai ya hana ta komawa cikin tukunya.

Kayan aikin uku ne a haɗe. Akwai tulun da ake zuba furen, suna ce masa ƙar'u, ma'anarsa duma, saboda siffarsa. A kansa ake kifa wata hula mai dogon hanci, anbiƙ, sunan da Larabawa suka aro daga Girkawa, Turawa kuma suka aro daga Larabawa. Tururi ya hau ya bugi hular ya huce ya koma ruwa, ya gangaro ta hancin ya ɗiga cikin kwalbar da aka tara. Ana liƙe mahaɗar sosai kada ƙamshin ya tsere. Abin da ya burge ni a littafin shi ne an bambanta ɗora tulun a busasshen zafi da ɗora shi a kan tukunyar ruwa mai tafasa, inda wuta ba ta taɓa shi. Ta biyun ita ce ta abu mai laushi irin wardi. A zamaninsa ruwan ƙamshin aka fi nema. Shi man zalla yana tasowa ne sama-sama kamar maiƙo a kan romo, kuma ƙanƙantarsa ta isa: sai an tara furen wardi tan 3 zuwa 4 kafin a sami kilo ɗaya. Alhazan da suka taɓa tambayar kuɗin man wardin Ɗa'if na gaske suka ja da baya, to ga dalilin tsadar. Har gobe a Ɗa'if da manyan tukwanen tagulla da ruwa da wuta ake yinsa, kuma da ruwan wardi haɗe da Zamzam ake wanke cikin Ka'aba.

Hanya ta biyu ta masu turaren zamaninsa ta fi kusa da mu, don da riɗi ake yinta. Akwai furen da ba ya son zafi sam, irin yasmin. Sai a shimfiɗa riɗi, a shimfiɗa fure a kansa, a rufe. In furen ya yi yaushi a kwashe a zuba sabo, a yi ta maimaitawa har riɗin ya sha ƙamshi ya ƙoshi, sannan a matse mansa. Mai yana jan ƙamshi, shi ya sa man shanu in aka ajiye shi kusa da albasa yake ɗaukar warinta. Man da suka fi darajantawa kuwa shi ne man ban, wanda da shi ake kwaɓa miski da ambar a yi turaren sarakuna da ake kira galiya. Ban ɗin nan ɗan uwan zogale ne na jini, dangi ɗaya suke. Man 'ya'yansa ba shi da wari, kuma ba ya saurin lalacewa. Zogalen da muke kwaɗo da ganyensa muna barin 'ya'yan suna zuba a bayan gida, ɗan uwansa ne yake fadar halifa.

Ruwa, riɗi, man ban. Ku riƙe waɗannan, don labarin ya zagayo.

A ƙarshen ƙarni na 19 masana'antun turare na Faransa suka koma amfani da sinadaran narkarwa irin su benzin, daga baya hegzen da ake samu daga man fetur. Suna da sauri, suna tatso ƙamshi da yawa, ga araha. Sai daga baya aka gane benzin yana jawo sankarar jini, hegzen kuma yana lalata jijiyoyin ma'aikatan da suka daɗe suna shaƙarsa, ga saurin kama wuta, ga gurɓata iska, ga ɗan ragowarsa da sai an yi da gaske ake raba shi da abin da aka tatso. A 1998 wasu masana biyu a Amurka, Paul Anastas da John Warner, suka fitar da ƙa'idoji 12 na ilimin sinadarai mara cutarwa, ɗaya daga ciki ita ce a guji mugun sinadarin narkarwa matuƙar akwai mai sauƙin illa. Da aka tashi neman masu sauƙin illar, ina aka dosa? Ruwa da tururinsa. Man tsirrai. Sai sabo guda da mutanen da ba su da shi, wato iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. In aka matse ta da ƙarfin da ya kai wajen ninki 73 na nauyin iskar da ke kanmu, a zafin digiri 31, sai ta zama wani abu tsakanin iska da ruwa, ta ratsa ganye ta narko mansa. Ana sassauta matsin sai ta koma iska ta tafi abinta, ta bar man tsaf. Akwai kuma alkohol da ake samu daga rake ko masara, kuma na san yanzu wani zai tambayi hukuncin turare mai alkohol. Wannan mas'ala ce mai zaman kanta, ba ta yau ba ce.

Ba ina cewa Alkindi ya san zancen gurɓatar muhalli ba ne, ko kuma duk abin da Bature ya gano mun riga shi. Irin wannan cika bakin ba ya ƙara mana komai. Abin da yake hannunsu kenan suka yi aiki da shi, sai dai sun yi shi da lura da gwaji da rubutawa, har ya zama ɗalibin jami'a da yake tafasa ganyen na'ana'a a kwalbar gilashi yau, aikin ƙar'u da anbiƙ yake maimaitawa.

Yanzu ga inda littafin yake da ƙaya. Kaso mai yawa na haɗe-haɗen nan 107 ba na tatso turare ba ne, na kwaikwayonsa ne. Yadda za ka ɗauki ɗan miski na gaske ka haɗa da abubuwa masu araha ya ninka. Yadda za ka yi abin da ya yi kama da ambar, ko za'afaran, ko kafur, a launi da ƙamshi. A wasu wuraren har ana yabon haɗin da cewa ya shige wa masu sana'ar ba su gane ba. Mu a Hausa sunan wannan algus, ba shi da wani suna.

Wasu masu bincike suna ganin hannun almajirai ya shiga littafin. Wasu kuma suna kare shi da cewa wanda bai san yadda ake yin jabu ba, ba zai iya kama mai jabu ba, kuma talakan da ba zai iya sayen miskin Tibet ba shi ma yana da haƙƙin ya yi ƙamshi. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Abin da ya sa abin yake ɗaure kai shi ne, wannan mutumin dai shi ne ya rubuta risala yana ƙaryata masu da'awar mayar da tagulla da dalma zinare, ya kira aikinsu yaudara, a zamanin da manyan masu hankali suka yarda da abin, har Abubakar Razi likita ya yi masa raddi daga baya. Mutumin da ya ƙi zinaren jabu, ga miskin jabu a littafinsa.

Shaizari, wanda ya rubuta littafin hisba a zamanin Salahuddin, ya ambaci wata risalar Alkindi a kan girki, mai koyar da yadda ake dafa abin da za ka rantse nama ne alhali ba nama, da wainar ƙwai ba ƙwai, da alewa ba zuma ba sukari. Shaizari ya ambaci risalar, sannan ya ƙi kawo bayanin yadda ake yi, tunda masu sayar da abinci ba su kai ga sanin dabarun ba. A ganina matsayin Shaizari ya fi kusa da tsantseni. Haɗa abu mai araha ba laifi ba ne. Tun 1888 aka fara haɗa miski a ɗakin gwaji, kuma kusan duk abin da ake sayar mana yau da sunan miski irin wannan ne, tunda na barewa duhu ne da shi, ba fari ba, kuma ya yi ƙaranci ƙwarai. Sayar da shi halal ne in an faɗi abin da yake. Laifin yana wurin suna. Kun san hadisin da ke Sahihu Muslim, na mai tsibin abincin da ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa ya ɗora busasshen a sama, Annabi (SAW) ya cusa hannunsa ya ji danshi, ya barranta daga mai algus. Bai hana shi sayar da jiƙaƙƙen ba, cewa ya yi ya fito da shi mutane su gani.

Ina faɗin wannan ne don na san da yawa daga masu karanta ni suna sana'ar turare, maza a shaguna, mata a gida suna haɗa humra da turaren wuta suna tallatawa a WhatsApp. Sana'a ce mai albarka. Amma an taɓa sayar min da wani mai da sunan udu zalla, da rantsuwa, kafin la'asar ƙamshin ya gudu ya bar maiƙo a riga. A zamanin Alkindi hanci da harshe da wuta ne kaɗai ma'auni, shi ya sa mai wayo yake wucewa. Yau akwai na'urar da ake ɗiga mata ɗigo ɗaya, ta mayar da shi tururi, ta tura shi cikin wani siririn bututu mai tsawon mitoci, sinadaran ciki su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon saurinsu, ta rubuta sunan kowanne da yawansa. Asalin wannan dabarar tun 1952 ne. Man wardi ɗaya sai ta nuna maka sinadarai sama da ɗari a cikinsa, in an tsinka shi da wani mai kuma ta tona. Sai dai matar da ta tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta ta zo sayen humra ba ta da wannan na'urar. Maganarka kawai take da ita.

Mu koma kan mutuminmu. Da Mutawakkil ya hau mulki a 232 bayan Hijira, ya kawo ƙarshen fitinar halittar Alƙur'ani ya girmama Imam Ahmad, Allah Ya saka masa. A zamaninsa ne kuma Alkindi ya faɗi, amma labarin da Ibn Abi Usaibi'a ya kawo ya nuna hassadar abokan ilimi ce ta kayar da shi. Muhammad da Ahmad 'ya'yan Musa bin Shakir, gwanaye a lissafi da ƙere-ƙere, ba sa son kowa ya sha gabansu a fada. Suka yi ta kai sukarsa har halifa ya sa aka yi masa duka, aka kwashe littattafansa gaba ɗaya aka ware su a wani ɗaki da aka riƙa kira Kindiyya. Dattijo, jikan sarakunan Kinda, malamin ɗan halifa. Duk wanda ya taɓa tara littattafai ya san dukan ya fi sauƙi.

Yadda suka dawo masa ma abin mamaki ne. Mutawakkil ya ba 'ya'yan Musa aikin haƙa magudanar ruwa zuwa sabon birninsa kusa da Samarra, su kuma suka miƙa wa Fargani masanin taurari. Aka yi kuskuren awo, bakin magudanar ya fi sauran zurfi, ruwa ba zai wuce ba. Halifa ya yi rantsuwar zai tsire su a bakin magudanar in kuskuren ya tabbata, ya kira Sanad bin Ali ya duba. Sanad ɗin nan su suka yi masa makirci a baya aka nesanta shi daga fada, kuma tsakaninsa da Alkindi ma ba shiri. Da suka zo suna roƙonsa, sai ya gindaya musu sharaɗi ɗaya: sai sun mayar wa Alkindi littattafansa. Suka mayar, suka kawo takardar shaidar ya karɓa. Sanad ya lissafa cewa cikar kogin Dijla za ta rufe aibin na wata huɗu, ya je ya ce wa halifa aiki ya yi. Ruwa ya gudana. Bayan wata biyu aka kashe Mutawakkil a fadarsa, a shekara ta 247, maganar magudana ta bi ruwa. Masu ba da labarin suna cewa masu duba sun riga sun faɗi mutuwarsa, mu ko mun san ajalinsa ne ya zo a hannun dogaransa Turkawa.

Littattafan sun dawo, matsayin bai dawo ba. Alkindi ya ƙarasa rayuwarsa nesa da fada, ya rasu a Bagadaza wajen shekara ta 260 bayan Hijira, 873 Miladiyya. Allah Ya gafarta mana da shi da sauran musulmi.